Ƙashin da Baba Yake Yawo da Shi a Aljihu

Babana mahauci ne, kuma da abin da ke cikin farantin mutum yake auna darajarsa. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye bayan katakon sara, wuƙa a hannu, murya kamar an kunna lasifika. In ya ga babban mutum yana cin ganye sai ya tambaye shi ko akuya ce ta raine shi.

Tsallaken titi akwai shagon Dogo, shi ma mahauci. Tare suka koyi sana'ar, kuma tun lokacin ba su bar juna sun sha iska ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce Baba ya zame a bakin kwata, Dogo ya gani, har yau duk wanda ya je sayen hanta wurinsa sai ya ji labarin, har da yadda hular ta tashi.

To wannan Baban ne likita ya duba, ya ga jininsa ya hau, yatsun ƙafarsa sun kumbura, ya ce ya bar nama. Baba ya tambaya ko har da na rago, likita ya ce har da romo. Ni na raka shi asibitin, kuma a hanyar dawowa bai yi maganar ciwo ba ko sau ɗaya. Abu guda ya ce: “Kada Dogo ya ji.”

A gida babu matsala, Mama ta riƙe tukunya da kyau. Karin safe ne aikin, don tun asuba Baba yake fita kwata, sai ya dawo ya karya a ɗan gidan abincin da ke bakin layinmu. Tebur biyar ne a ciki, da fanka ɗaya mai kuka, da firji da sai an tokare shi da gwiwa yake rufuwa. Matar da ke da wurin kowa Inna yake ce mata. Na je na yi mata bayani, ta ce in bar mata. Daga ranar take haɗa masa wake da dafaffen dankali da kabeji da tumatir, ga biredi, ga shayi ba sukari. Ni kuma, da yake na san halin kayana, nakan zauna da shi kafin in wuce makarantar da nake koyarwa.

Ranar farko ya zaɓi teburin bayan firji, ya juya wa ƙofa baya, ya ci kamar mai shan magani. Rana ta biyu ya zo da dabara. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu naɗe a takarda, ya warware, sai ga ƙashi, an dafa shi an kankare tas. Ya ɗora shi a gefen faranti.

“Baba, mene ne wannan kuma?”

“Shaida,” ya ce. “Duk wanda ya leƙo zai ga na ci nama na gama.”

Raina ya ɓaci, na ce masa wannan abin kunya ne ga mai furfura. Ya ce ai kunyar yake gudu. In ya gama ci sai ya sa tsinke yana sakace, alhali babu abin da ya maƙale sai kabeji, ya goge ƙashinsa ya mayar aljihu. Inna takan shige bayan labule ta yi dariyarta ta fito da fuska a ɗaure. Sau biyu Mama tana tsintar ƙashin a wanki, tana shanya shi tare da riga.

Haka aka yi wata uku. Ƙafar ta saɓe, har ya fara cewa a ƙara masa tumatir, amma da raɗa.

Ran nan da safe ana ruwan sama, wurin ya cika, sai ga Dogo ya faɗo yana kakkaɓe riga. Ba a nan ya saba karyawa ba, ruwa ne ya koro shi. Ya hango ƙeyar Baba, ya taho yana murna. Baba ya ja biredi ya rufe waken, ya tura ƙashin gaba.

“Lafiya, 'yata?” Dogo ya ce min, amma idonsa na kan faranti. Ya ɗauki ƙashin ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a tebur.

“Inna, yaushe kika fara sayen nama wurin wannan?”

Inna ta ce ita ba ruwanta.

“Don wannan saran nasa ne. Shi kaɗai yake karkata gatari haka a garin nan. Kuma saniyar nan ta daɗe da rasuwa, dubi yadda ya bushe. Har ƙamshin sabulu yake!” Ya ɗaga biredin da yatsa biyu. “Wake! Kabeji! Jama'a ku zo ku ga akuya!”

Wurin ya ɗauki dariya. Da Baba ya yi dabarar nan a gaban tela ko direba, da ta ci har shekara. Amma ya rasa wanda zai kama shi sai mutumin da ya san saransa kamar yadda na san rubutun 'yan ajina. Na dubi Baba, na ga mutumin nan mai raba saniya biyu yana ƙoƙarin sake rufe wakensa da biredi. Tausayinsa ya kama ni, na miƙe zan wanke Dogo tas, babba ko ba babba ba. Baba ya riƙe min hannu.

“Likita ne ya hana ni,” ya ce a hankali. “Jinina ya hau. Ya ce in na ci gaba, wata rana a bayan katako za a ɗauke ni.”

Dariyar ta mutu. Dogo ya ajiye ƙashin.

“Tun yaushe?”

“Wata uku.”

“Wata uku!” Yanzu faɗa yake da gaske, jijiyar wuyansa ta tashi. “Wata uku kana ciwo, ina tsallaken titi, kullum ina ɗaga maka hannu kamar sakarai, ba ka faɗa min ba? Ni ka mayar baƙo?”

“Da ka yi min dariya.”

“Da na yi mana! Sai me? Bayan na gama dariyar ba sai in zo in sauke maka kaya daga mota ba?”

Ya jawo kujera da ƙarfi ya zauna, ya ce wa Inna ta kawo masa irin na wannan maƙaryacin. Aka kawo. Ya kai cokali ɗaya baki, ya daɗe yana taunawa, fuskarsa a yamutse, ya kora da shayi, ya ji ba sukari, ya runtse ido.

“Kullum haka yake?”

“Kullum,” in ji Baba.

Dogo ya dubi kabejin, ya dubi Baba, ya sake cika cokali.

“Ƙarfe nawa kake zuwa?”