Allurar Kakata a Hannun Masunci

Duk lokacin da warin alkol, ruwan goge fata kafin allura, ya bugi hancina, sai in ga kaina a gidanmu na Madarunfa, ina 'yar ƙarama, hantsi yana leƙowa ta danga.

Kakana masunci ne. Yakan zare ƙugiya daga yatsansa ko tari bai yi ba, amma allura kam tsoronta yake ji. In masu rigakafi suka shigo unguwa, kwalekwalensa ne farkon shiga tafki.

Wata damina ciwon sukari ya kama kakata. Ta rame, tana ta shan ruwa ƙishi bai tafiya. Majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, ya ce sai allura safe da yamma, ga shi ƙafafunta ba su iya kai ta asibitin kullum. Babana kuwa bai dawo daga ci-rani a Najeriya ba. Sai kakana ya ce, "Koya mini."

"Baba, allura iri-iri ce," in ji majo. "Ta jijiya da ta tsoka aikinmu ne. Ta Iya a ƙarƙashin fata take tsayawa. Ka ɗago fatar da yatsu biyu, ka soka, ka tura a hankali."

Ya daɗe yana gwaji a jikin lemun tsami. Ranar da zai fara, bayan addu'ar safe, ya wanke hannu har warin kifi ya fita, ya durƙusa gaban tabarmarta. Ya ɗauko allurar.

"Maigida, in tsoro kake ji, rufe ido," in ji ta.

"In na rufe, wa zai duba ma'aunin?"

Tana cikin dariya ya gama, ba ta ma sani ba.

Ba mu da firigo na sanyaya kaya, don haka a ƙaramar tukunya yake ajiye maganin, cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Allurar kuwa yau cinya, gobe ciki, kada wuri ɗaya ya kumbura. Ya daina nisa a tafki. A hannun nan nasa ta rayu har ta ga aurena.

Yanzu goggona ke fama da ciwon. Allurarta kamar biro take, maganin yana cikin firigo, da kanta take yi a ɗaki. An samu sauƙi, mun gode Allah. Amma in na ziyarce ta, nakan karɓa in yi mata, mu ɗan jima muna hira.