Malam Siddiƙu da Rumbun da Gara Ba Ta Ci

Wata Laraba da hantsi, Malam Siddiƙu na Wurno ya hau kan rudun albasar maƙwabcinshi Tambari, shina ɗaga waya sama neman sabis. Rudu kuwa, wato rumbun aje albasa, kara na da ciyawa, ba a yi shi don malamin makaranta mai tumbi ba. Sai ji anka yi ruf! Malam ya nutse cikin albasa har ƙirji, hula ta yi gabas, takalmi guda ya yi yamma, amma hannun da ke riƙe da waya na nan sama. Da anka zo jawo shi sai yac ce, "Ku dakata, saura kaɗan ya gama hawa."

Wanda bai san shi ba sai ya ce taɓuwa ta. Mu maƙwabta mun san mafari.

Shekara ashirin da 'yan kai shina koyar da tattalin arziki a sakandare. Littafin da anka ba shi ya ce in ruwa na kowa da kowa na, wawaso za a yi, na bakin magudana ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe ya ƙone, sai an sa ma ruwan farashi. Shi kuwa ɗan manomin shinkafa na. Tun da anka yi dam na Goronyo ubanshi ke noman rani, kuma a 'yar magudanarsu na wutsiya shi ke fara sha. Ba don tsoron Allah kaɗai ba. In ka hana ma na wutsiya ruwa, ranar gayyar yashe magudana ba ka ganin ƙeyarshi, kai kaɗai za ka sha laka.

Sai Malam ya riƙa raba darasi biyu. Rabi littafi, don jarrabawa. Rabi kuma, "To, yanzu ku ji yadda ubanninku ke yi." Wani mai duba makarantu ya taɓa ce mishi wanga ba ya cikin manhaja. Yac ce to, ya ci gaba da abinshi. Asabar duka shina bisa babur, Rabah, Gandi, Giyawa, shina tambayar tsofaffi yadda suke rabon ruwa da aron iri. Ya cika littafin rubutu goma sha ɗaya, ya zuba cikin akwati.

Bara matarshi Uwaliya ta buɗe akwatin neman zane, tat tarar gara ta cinye uku. Tsofaffin da sunka yi maganar da ke cikinsu duk sun rasu, shi kuma baɗi zai aje aiki. Kwana biyu bai taɓa tuwo ba, abin da ba mu taɓa ji ba.

Wata tsohuwar ɗalibarshi, Ruƙayyatu, da ke jami'a, ita tag gaya mishi akwai wani rumbu a intanet inda malaman da ba su yarda da littafin manhaja ba ke zuba darussansu kyauta, kowa ya ɗiba. Malam ya ɗauki hoton takwas ɗin da sunka rage, shafi-shafi. Sabis a unguwarmu sai bisa. Bakwai sun hau daga kan katanga. Na takwas ya ƙi, har sai da anka kai ga rudu.

Na takwas ɗin ya hau kuwa. Malam ya sayi kara ya gyara ɓarna, kwana uku shina warin albasa a aji.

Bayan wata biyu, a majalisa, Tambari ya tsokane shi.

"Malam, wai mutum nawa sunka leƙa rumbun nan naka?"

"Goma sha bakwai. Guda malami na daga wata ƙasa, ya ce ya karantar da yaranshi labarin na wutsiya."

"Goma sha bakwai! Don su ka karya min rudu? Mi ka samu?"

Malam ya gyara hula. "Tambari, ai na shiga naka rumbun, na gani da idona. Kana ɓoyo, rabi ta ruɓe. Nawa a buɗe shike, mutum goma sha bakwai sun ɗiba, ko shafi guda bai rage ba."