Bas ɗin Ilarion da Matan Ziyara

Ilarion Bucataru bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Tun muna makaranta malaminmu ke cewa ƙafarsa na ƙaiƙayi. Ko abinci a tsaye yake ci, tuwon masara da cuku a hannu ɗaya, makullin mota a ɗaya. Farar bas ɗinsa ce kaɗai ke haɗa ƙauyenmu da Kishinau, babban birninmu na Moldova. Ita ke kai marasa lafiya asibiti, ita ke dawo da 'yan ci-rani lokacin biki.

Shekarar zaɓen nan, ana tsakar tsinkar inabi, wani baƙo mai suna Artiom ya fara zuwa garinmu. Mutum ne mai ladabi, yana durƙusa wa tsofaffi. Ya bi gida gida yana danna wa tsofaffin mata wani abu a waya, sai ga ɗan tallafi yana shigo musu daga wani banki na ƙetare. Ba wanda ya tsaya dogon bincike, don kuɗin fanshonsu ko itacen sanyi ba ya isa saye. Yayar Ilarion ma, Profira, tana ciki. Ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsu.

Ran wata Lahadi Artiom ya ɗauki shatar bas ɗin, wai zai kai matan ziyara tsohon cocin da ke bakin kogi. Suka shiga da ɗankwalayensu da kyandir. Da aka kai mararraba sai ya dafa kafaɗar direba.

"Yi dama, maigida. Birni muka nufa."

"Birni? Yaushe coci ya yi ƙaura?"

"Kai dai tuƙa."

Ilarion ya leƙa madubi, ya ga matan suna zaro kwalaye masu rubutun zagin gwamnati daga ƙarƙashin kujeru.

"Yaya Profira, wannan wace irin addu'a ce?"

"Rufe mana baki, ɗan nema. Tsayuwa kawai za mu yi a dandali mu dawo. Ka kama gabanka."

Ya kama gabansa yana gunaguni, amma ba su kai dandalin ba. A gadar shiga gari 'yan sanda suka tare su, don gwamnati ta daɗe tana shela cewa wata ƙasa na sayen ƙuri'u da zanga-zanga. Kafin a ankara Artiom ya sauka wai zai kama ruwa, ya shige gonar masara. Har yau ba wanda ya ƙara ganinsa.

Wani ɗan sanda matashi ya hau bas ɗin da jakar leda, yana cewa, "Iyayena, ku yi haƙuri, kowa ta ba da wayarta."

"Ni na haifi kamarka, har da wanda ya fi ka tsawo," in ji Profira. "Ta wace waya jikokina za su kira ni?"

"Inna, umarni ne."

Aka karɓe wayoyin, aka kama bas ɗin, matan suka dawo gida a bayan motar kabeji. Daga baya aka ci su tara mai nauyi, aka yi ta aiko wa mutane saƙon gargaɗi cewa sayar da ƙuri'a laifi ne. Shi kuwa Ilarion aka yi ta kiransa ofis. Abin da ya sani ya faɗa, sunan baƙon da kalar rigarsa, bai ƙara ko kalma ba.

Amma gari ya riga ya yanke hukunci, har iri biyu. Matan suka ce shi ya tsegunta wa 'yan sanda, in ba haka ba yaya aka yi aka tare su daidai gada? Masu goyon bayan gwamnati kuma, waɗanda 'ya'yansu ke aiki a Italiya, suka ce ai ɗan koren baƙi ne, an saye shi da man fetur. Ya shiga shagona sayen taba sai hira ta mutu.

"Ka gani ko, Gavril?" ya ce mini. "Can ni munafuki ne, nan ni maci amana. Mutum ɗaya fa! Ko mai gari bai samu muƙami biyu ba."

Rashin motar ya fi zagin ci masa rai. Sai ka gan shi ya taka har mararraba ya dawo, ya sake komawa. Ya gyara dangarsa, ya gyara ta maƙwabci ba a roƙe shi ba. Ya hau motar wani har harabar 'yan sanda don kawai ya leƙa bas ɗinsa ta shinge. Ya je ƙofar Profira ya ƙwanƙwasa, ta ce daga ciki, "Ba kowa." Ranar zaɓe ya yi ta zagaye makarantar da ake jefa ƙuri'a, daga bisani ya faɗa ciki da sauri ya fito. Na tambaye shi wa ya zaɓa, ya ce, "Wanda zai ba ni makullina."

Bayan zaɓe aka sake masa motar, batir ya mutu, tayoyi sun sace. Ya gyara, ya faka a bakin shagona kamar da. Mutane suka gwammace su tsaya a titi su jira motar wani ƙauye. Ya jure har farkon dusar ƙanƙara, sannan ya cire kujerun baya ya koma jigilar saƙo zuwa Italiya, tulunan giyar inabi da cuku da kabejin gishiri da iyaye ke aika wa 'ya'yansu. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, ta dace da shi.

Ana gobe zai yi tafiyarsa ta farko Profira ta zo shagona da kwali ɗaure da igiya, Ilarion na tsaye yana lodi. Ba ta dube shi ba.

"Gavril, ka gaya wa direban nan wannan na 'yata ce a Padova. Kada ya danne mini shi da tulu."

"Gavril," in ji Ilarion, "ka gaya wa fasinjar nan a gaba zan ajiye shi, kusa da ni."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Ka kuma gaya masa ƙullin da ke sama nasa ne. Ya zauna ya ci, kada ya shaƙe a hanya."