Zuwa Goma Sha Ɗaya na Kaka Phadke

Sau nawa mutum zai zo wuri kafin a ce zuwansa ya yi yawa? A ofishinmu da ke unguwar Baner, nan birnin Pune na Indiya, amsar a rubuce take: sau ɗaya a wata shida. Madhukar Phadke ya zo sau goma sha ɗaya a wata goma sha huɗu, kuma ni na ƙirga.

Aikina gwada manhajojin waya ne kafin a sake su. Kamfanoni su kawo mana abin da suka ƙera, mu kuma mu nemo mutum biyar ko shida da ba su taɓa ganinsa ba, mu zaunar da su ɗaya bayan ɗaya a wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da kyamara ɗaya. Zan miƙa wa mutum waya in ce ya nemi layin ganin likita da ita, ko ya yanki tikitin bas, yana yi yana faɗin duk abin da ya zo masa a rai. Daga nan sai in ja bakina in yi shiru. Ko hannuna na ƙaiƙayi ba na nuna masa inda zai taɓa. Ina ƙirga mintuna, ina ƙirga sau nawa ya koma baya, sau nawa ya ja tsaki. A bayan gilashin da ke jikin bango masu zanen manhajar suna zaune suna kallo, shi kuwa ba ya ganinsu. A shekara huɗu na zauna da mutum ɗari shida da arba'in da biyu. Duk amfanin aikin yana ga sabon ido. Wanda ya saba ya daina tuntuɓe inda baƙo zai yi, shi ya sa aka kafa dokar wata shida.

Ranar da na fara ganinsa ana tsuga ruwan damina. Ya iso saura minti arba'in lokacinsa ya yi, da farar riga mai guga, biro a aljihun gaba, lema a naɗe cikin leda don kada ta jiƙa mana daɓe. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Bas biyu ya hau daga Sadashiv Peth, tafiyar awa ɗaya da minti ashirin.

Akwai maganar da nake fara yi wa kowa, har na haddace ta: ba kai muke gwadawa ba, manhajar muke gwadawa, a ɗakin nan babu abin da za ka yi ya zama kuskurenka. Yawancin mutane kai kawai suke gyaɗawa. Shi sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Sake faɗa, Madam."

Na sake.

"To, madalla," ya ce. "Da an gaya mini haka a 1974 da yanzu gashina bai zube ba."

Shekara talatin da takwas ya yi yana sayar da tikitin jirgin ƙasa a babbar tasha, taga ta huɗu. Mutane su cike fom a tsaye, a kan gwiwa ko a bayan wanda ke gabansu a layi, su turo ta ƙasan gilashi, shi kuma ya duba. A lissafinsa fom ɗari biyu a rana, kuma cikin kowane goma, uku sai an mayar. Matarsa Sulabha ta rasu shekara uku kafin haɗuwarmu. Ɗansu tilo yana Toronto, yana kira ran Lahadi. Na tambaye shi minti nawa suke yi, don ni ba na iya barin irin wannan tambayar. Ya ce tara, in jikarsa ba ta yi barci ba sha biyu.

Ban taɓa samun mai gwaji kamarsa ba. Da yawa sai ka yi ta roƙo kafin su buɗe baki. Shi kuwa yana taɓa allo yana magana kamar mai karanta labarai: wannan rubutun ya yi ƙanana, wanda ya rubuta shi bai kai arba'in ba, wannan shuɗin akwatin yana kama da talla, ba zan taɓa ba, a nan an tambaye ni abu biyu a layi ɗaya, a tagarmu da an kori mai fom ɗin. Na bayan gilashi suka yi ta rubutu. Da aka tashi ya gaisa da mai gadi, ya gaisa da mai shayi, ya tsaya karanta allon sanarwa har ƙarshe, sannan ya tafi. Wata bakwai bayan haka na sake samunsa a jerina, na yi murna, don doka ta ba da dama.

A ƙarshen shekara na zauna tsara bidiyoyin gwajin da muka yi a wata goma sha huɗun da suka wuce, ni da abokan aikina uku, guda ɗari uku da goma sha takwas. Ba wanda ya sa ni. Ina son in san mutum nawa muka gani, mata nawa, tsofaffi nawa. A bidiyo na sittin da wani abu na ga farar riga da biro. Na ce to, nawa ne. A na casa'in na sake gani, kuma ba muryata ke yi masa tambaya ba. Kafin la'asar na tara goma sha ɗaya.

Yadda ya yi ba wuya. Dillalai uku ke nemo mana mutane, kowa da jerin sunayensa, ba mai duba na wani. Kaka ya yi rajista da duka ukun. Mu kuma mu huɗu ne, kowa da ranakunsa, kuma tsoho mai zuwa da wuri, mai magana dalla-dalla, ba wanda zai yi ƙorafi a kansa.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai na jera lokutansa. A zuwan farko aiki ɗaya ya ɗauke shi minti goma sha huɗu. A na huɗu minti uku, ya gama komai a minti ashirin da biyar, aka yi masa godiya aka sallame shi. Daga zuwa na biyar har na sha ɗaya, kowane zama sai da ya cika awa ɗaya cif. Na rage gudun bidiyon na zuba wa hannunsa ido. Yatsansa zai tafi kai tsaye wurin da ya dace, ya tsaya a sama kamar mai jin zafin tukunya, sannan ya kauce ya taɓa wani wuri. Sau ashirin da uku na ga haka.

Ɗaya daga ciki ta ja mana aiki. A manhajar wani asibiti, inda ake sa ranar da kake son ganin likita, ya sa ranar haihuwarsa, ya yi minti shida yana fama. An nuna wannan bidiyon a taro, kowa ya tausaya, mutum huɗu suka yi mako uku suna sake zana shafin.

Na kai wa shugabarmu, Farida Madam, takarda mai shafi biyu. Ta karanta, ta ce ranar da ta mutu ta san ni zan tsaya a ƙofa ina ƙirga masu zuwa gaisuwa. Sannan ta daina dariya. Ta ce tuntuɓen gaske muke sayar wa kamfanoni, in aka ji muna da mai yin na wasa, aikin shekara ya zama abin shakka. Za a cire sunansa daga jerin dillalan uku, kuma tunda ni na ƙirga, ni zan gaya masa.

Ban so in yi ta waya ba. Ran Asabar da safe na je gidansa. Hawa na uku, matakala hamsin da biyu, ba na'urar hawa. Ɗaki biyu ne, tsaf-tsaf. Kofuna shida a jere a kan kanta, biyar an kife su. Kujera ɗaya a bakin taga tana kallon titi, sai ya jawo mini wata daga ƙuryar ɗaki ya kaɗe ta da tawul. Ya dafa shayi, ya yi poha, wato soyayyar dakakkiyar shinkafa, da gyaɗa, ya hana ni taɓa komai. Sai da na ci rabi na fito da takardar.

Bai musa ba. Ya bi lambobin da biro, layi-layi, har ya gyara mini kwanan wata ɗaya da na rubuta ba daidai ba.

"Kaka, me ya sa ka riƙa yin kuskure da gangan?"

"Ba ƙarya na yi ba, Madam. Aro na yi."

Ya ce kowane kuskure a cikin ashirin da ukun nan yana da mai shi. Ranar haihuwa a gurbin ranar tafiya ta wata mata ce daga Solapur, kuma bayanta ya ga irinta sun fi dubu. Masu sa sunan garin da za su je a gurbin garin da za su tashi, sojoji ne masu komawa hutu, hankalinsu ya riga ya isa gida. Ya ce yara masu zanen nan ba su taɓa tsayawa a layi da fom a hannu ba, shi kuma yana da kurakurai jibge a kai ba mai tambaya.

Na ce na yarda, amma ba wannan kaɗai ba ne, don sai bayan zuwa na huɗu ya fara. Ya daɗe yana juya kofinsa.

"Ranar na gama da wuri," ya ce. "Yarinyar ta ce, an gode Kaka, ka iya sosai. Ta miƙo mini lemata. Sha ɗaya da rabi ina tashar bas. To ina za ni?"

Ni ba na zuwa wuri hannu rabbana. Tun a hanya na rubuta mafita uku, kuma Farida Madam ta amince da ɗaya: ya zo ya zauna tare da masu zane a bayan gilashi, ya kalli masu gwaji, ya rubuta abin da ya gani. Na yi masa bayani da zumuɗi, na ce wannan ƙarin girma ne. Ya ce zai gwada.

Ya zo ran Laraba, da wuri kamar kullum. Ɗakin kallo duhu ne, matasa shida kowa da kwamfuta a cinya. Mai gwajin farko wata mata ce mai sayar da furanni, ta rasa inda za ta koma baya. Kaka ya fara cewa ai kibiyar ta ɓuya a ƙarƙashin hoton, sai wani ya ɗora yatsa a leɓe, don sauti na ratsa gilashin. Abokiyar aikina da ke cikin ɗakin kallon ta ce sau biyu yana miƙewa daga kujera kamar zai zagaya ya taimaka wa matar, sai ya koma ya zauna. Awa biyar ya yi a haka. Da aka tashi ya ba ni takarda da rubutunsa mai kyau, abubuwa goma sha bakwai. Tara daga ciki an yi aiki da su a makon. Ko ƙwararrunmu ba sa kawo tara.

Na bi shi har bakin ƙofa ina lissafa masa: sau ɗaya a wata, za a aiko mota, za a buga masa katin shiga da hotonsa. Yana ta ƙoƙarin cire lemarsa daga leda.

"Shekara talatin da takwas na yi a bayan gilashi ina kallon mutane suna kuskure," ya ce. "Can aƙalla ina iya cewa, Baba, ba nan ba, ƙasa. A wancan ɗakin ne ake tambayata me nake tunani, a kuma jira in gama."

Sai ya tambaya ko bayan wata shida zai iya dawowa ɗakin mai kujera biyu, tunda haka dokar ta ce. Na so in ce eh. Amma an riga an rubuta a gaban sunansa cewa ya ƙware, kuma wanda ya ƙware ba a sake kiransa, ko bayan shekara goma. Na gaya masa haka. Ya gyaɗa kai irin na ma'aikacin da ya san doka, ya ce daidai ne, shi ma da haka zai yi. Ya gaisa da mai gadi ya fita.

Na yi wa kaina alkawarin zuwa gidansa duk Asabar ta biyu. A wata goma na je sau huɗu. A zuwan farko na kai masa wata manhaja na ce ana son ra'ayinsa. Minti biyu ya gane an daɗe da sakinta, ya ajiye wayar a kan tebur ya ce in ziyara na zo in ce ziyara, ba sai na yi masa wasan yara ba. Tun daga nan hannu sake nake zuwa. Yakan ba ni labarin tasha, wani lokaci labarin da ya riga ya ba ni. Na lura abu ɗaya da na koya a wurin aiki yana amfani a nan: in ya yi shiru ba na cike masa shirun, kuma bayan daƙiƙa bakwai ko takwas yakan ci gaba da abin da ya fi na farko muhimmanci. A irin wannan shirun ne ya gaya mini cewa Sulabha ce ke cike duk fom ɗin gidansu, don shi in ya dawo daga aiki ko ganin fom ba ya so.

Yanzu an haɗa jerin dillalan uku wuri ɗaya, ni na tsara shi, ba wanda zai sake zuwa sau biyu ba mu sani ba. Yana aiki sosai.

In akwai dattijo a gidanku ko a maƙwabta, ku gwada wannan a makon nan. Ku miƙa masa waya, ku ce ya yi abu ɗaya da ita yana faɗin abin da ke ransa. Kada ku karɓe wayar, kada ku nuna masa wuri, kada ku ce ya yi sauri. Ku ba shi minti ashirin, kuma in ya gama a minti uku, ku ci gaba da zama har sauran sha bakwai ɗin su cika.