Tokar Murhun Inna

Mahaifiyata ba ta taɓa sayen itace ba, kuma da wannan take taƙama. Koko take damawa na sayarwa kowace safiya a gidanmu na kusa da Ƙofar Kuyambana, da sharar unguwa take hura wutarsa. Kafin matan maƙwabta su aika da shara juji sai an biyo da ita ta wajen Inna, ta tsince totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ɓawon rake da ganyen ƙunshin daddawa, ta shanya a bayan ɗaki. Ranar da ta samu tsohuwar tabarmar kaba kuwa, sai ka ce sallah. Mu 'ya'yanta kunya muke ji, ita ko a jikinta.

Tokar ma ba ta zubarwa. Wani manomi daga ƙauye yakan zo da jakinsa kafin damina ya kwashe zuwa gona, da kaka ya kawo mata gero. Da geron nan da kokon nan ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Murhun nan shi ne mutuncinta.

Sai leda ta shigo gari. Da fari murna muka yi da ita, har wankewa ake yi a sake amfani. Kafin a ankara mai daddawa ta daina neman ganye, mai gishiri ta daina naɗa takarda, tabarma ta koma ta roba. Inna takan zazzage kwandon shara guda ta rasa abin da zai tafasa ruwan shayi. Rabi ƙasa ce, sauran leda ce da ta ƙunshe jiƙaƙƙen tuwo ta hana shi bushewa. Lokacin an yi mini aure a Tukur-Tukur. Duk zuwan da zan yi sai na tarar da ita tsugune tana tona da kara, kamar kaza.

Da wuya ta yi wuya ta gwada cusa ledar a murhu. Ta ci kam, amma hayaƙin baƙi ne wuluk, abin da ya rage kuma ba toka ba ne, wani dunƙule ne mai tauri. Masu saye suka fara cewa kokon yana warin roba. Manomin ya zo ya murza tokar a hannu, ya yi ta ba ta haƙuri, bai sake dawowa ba. Ni kuma, da ganin kaina na wayayya, na kai mata risho, a shekarun da kananzir ya fi ƙarfin talaka. A kansa take kife ƙwarya.

Tari ya kama ta. Na roƙe ta ta bari, yayana ya ce zai riƙa aiko da itace. Ta dube mu ta ce, "In kun ciyar da ni yau, gobe fa? Ku bar ni da wutata." Ta yi rantsuwa leda ba za ta ƙara shiga murhunta ba, ta ci gaba da tona, tukunyar tana ƙanƙancewa har ta koma ta mutum ɗaya. Ran nan aka wayi gari murhun da sanyi.

Yanzu nakan ji a rediyo ana cewa za a ƙona shara a samar da lantarki. Raina ɓaci yake yi. Sharar da za ta ci wuta lafiya mun daɗe da rabuwa da ita, ban kuma ga alamar za ta dawo ba.

Da damina Inna ta rasu, da hantsi. Mata suka tashi ɗumama ruwan da za a yi mata wanka, itacen da aka samo jiƙaƙƙe ne, ya ƙi kamawa. Ina cikin ɗaki riƙe da hannunta na ji warin ya shigo ta ƙofa. Wata ce ta tsinto leda a tsakar gida ta tura a murhun Inna, wutar kuwa ta kama nan take.