Kariyar Baba da Ruwan Alwala

Babanmu manomin dawa ne, amma a ƙofar gidanmu na Zuru furanni ya shuka, abin da maƙwabta suka daɗe suna yi masa dariya a kai. A wurinsu duk tsiron da ba ya shiga tukunya ɓarnar ƙasa ne. Yana da wata mai rarrafe da ke buɗewa da hantsi, da wata mai ƙaya da ta haye katanga, duk masu jure rana. Amma 'yar lelensa kariya ce, wadda ya yanko reshenta a kan wani dutse a hanyar Manga tun ina goye.

Kariya ba ta da fasali, gindi kamar tulu, rassa gajeru, ko akuya ba ta kula ta. Sai bazara ta kai bazara, kowane ganye ya yi laushi, sannan za ta tuɓe nata ganyen ta cika da jan fure. Abokan Baba kan tsokane shi da cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, shi kuma ya ce su gyara bakinsu, tasa kariya ce.

Da yanar ido ta rufe masa gani, sai ya koma shafa furen da hannu. Shekarar da yayana ya kai shi Sakkwato a yi masa aiki, kariyar ta fara ƙunso fure ke nan. Na zo daga Bena, inda nake aure, don in taya Inna zama. Da Baba zai shiga mota bai bar mini sallahun kaji ko na rumbu ba.

"Ɗiyata, in Allah ya buɗe man ido, ina son in iske ta da hure," in ji shi.

Zafin bazarar nan ba a magana, ga rijiyarmu ta ja baya. Sai muka yi dabara, kowa ya riƙa alwala a gindin kariya. Kafin mako labari ya zaga unguwa. Dattawan masallaci suka fara zuwa da butocinsu suna layi, kuma waɗanda suka fi yi wa Baba dariya su suka fi kowa naci. Maƙwabciyarmu Kirista, da ba ta da alwalar bayarwa, takan kawo ƙwarya guda ta juye, ta yi wa Baba addu'a da yarensu. Ba mu da abin da za mu yi wa idonsa daga nan, duk sai muka huce a kan itaciyar.

Da ƙunshin furen ya fara zuba muka ce ƙishirwa ce, muka ƙara himma. Daga baya gindin ya yi taushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa.

Ranar da Baba ya dawo da baƙin tabarau, yana gani tangaram, muka yi masa caa. Wannan ya riƙe hannu, wannan fifita, Inna na biye da kofin kunu. Ya tsaya gaban kariyar da babu ko fure ɗaya, ya danna gindin da babban yatsa, yatsan ya nutse. Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa.

"Wa ab ba ta ruwa?"

Na ce kowa da kowa, har liman. Sai ya kama dariya har tabarau na zamewa. Ya ce itaciyar da ta girma a kan dutse mun mayar da ita shinkafar fadama. Ya karɓi wuƙa, ya laluba ya sami reshe ɗaya mai ƙwari, ya yanke, ya ajiye a inuwar katanga, ya ce kada wanda ya taɓa sai bakin yankan ya bushe, sannan a dasa.

Na kama damtsensa zan shigar da shi zaure. Ya zare hannuna a hankali.

"Ni ma ku bar ni in ɗan ji ƙishirwa," ya ce, ya tsallake dokin ƙofa shi kaɗai.