Gajeru Biyar na Oga Francis

Ɗanmusa makanikin keke napep ne a Dutse, ɗan asalin Ringim. Tsayinsa ne ya sa malamin wasanni ya saka shi ƙwallon kwando tun yana sakandare, kuma ko da ya daina bugawa, bai daina zancenta ba. Sai dai a garejinsa kowa hirar ƙwallon ƙafa yake yi. Ana haka Oga Francis, ma'aikacin gwamnati ɗan Filato, ya kawo gyaran babur, ya ga hoton 'yan kwando a bango, ya zauna bai tashi ba sai la'asar.

Daga nan suka zama abokan musu. Duk shekara, idan manyan ƙungiyoyin Amurka za su zaɓi sabbin 'yan wasa, sai su biyun su mai da kansu masu ƙungiya. "Da kai ke da zaɓin farko, wa za ka ɗauka?" Francis mai jifa daga nesa yake so. Ɗanmusa kuwa kullum dogo yake nema, wanda zai tsaya ƙarƙashin kwando ya hana kowa sakat.

Wata safiya Ɗanmusa ya yanke jiki ya faɗi a gareji. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallame shi daga asibiti, likita ya ce a riƙa sa shi magana, amma ya ƙi, don kunyar yadda kalma ke fita yake ji. Matarsa Na'ima ta yi lallashi har ta gaji. 'Yan dubiya su yi addu'a su tafi, shi dai sai ido.

Francis bai tsaya dogon sannu ba. Ya zauna gefen tabarma ya ce, "Malam Ɗanmusa, na gama tunani. Da ni ke haɗa ƙungiya bana, gajeru biyar zan zuba, duk masu jifa. Dogo cin wuri ne kawai."

Ɗanmusa ya juyo da kai. Francis ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da yabon gajerunsa ɗaya bayan ɗaya. Can sai Ɗanmusa ya buɗe baki da ƙyar.

"In... sun ɓarar fa? Wa... zai cafe?"

"Nawa ba sa ɓararwa."

"Ƙarya!"

Wannan ta fito tar. Na'ima, da ke tahowa da kunu, ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta koma ciki tana share ido.

Tun daga ranar, Francis na tashi daga ofis sai ya biyo da wata sabuwar ƙungiyar da ba ta da kan gado, Ɗanmusa ya wargaza ta da kalma biyu, daga baya da goma. Hannun dama bai dawo ba. Ƙaninsa Ziyad ne ya karɓi sifana, shi kuma yana zaune a benci yana sauraren inji yana faɗin inda cutar take.

Da Francis ya yi ritaya zai koma Jos, aka shirya masa walima a gareji. Ɗanmusa ya ce shi zai yi jawabi. Ya miƙe da sandarsa, ya gode wa Allah, ya gode wa Na'ima, sannan ya juya ga abokinsa. Maganar ta ɗauki lokaci, wasu kalmomin sai da ya maimaita. Babu wanda ya katse shi. Francis ya sunkuyar da kai har aka shafa fatiha.